Gwangwan Lafiya

Kullum bayan la'asar Talatu kan sauke ƙwaryar furarta a ƙofar ofishin masu haƙa burtsatse a Ƙaraye, ta kasa kunne.

Tsarin oba-obarsu, rediyon da suke magana da rassansu na ƙauyuka, ba ya canzawa. Gwangwan ce can ƙurya, ita ke fara magana. Rogo ba ta cewa uffan sai ta ji daga Gwangwan, sannan ta haɗa da nata ta miƙa wa Kafin Dafga, ita kuma ta turo Ƙaraye. Sai Ƙasimu na Ƙaraye ya ce "an cika" kowa ke rufewa ya tafi. In ɗaya ya yi shiru, duka za su zauna jiransa.

Mijinyawa, ɗan Talatu tilo, shi ke riƙe da oba-obar Gwangwan.

Daminar nan ruwa ya cinye hanya, ga shi ana ta cewa amai da gudawa ya shiga ƙauyukan can.  Talatu ta ƙulle kayanta za ta je ta taho da shi, ko da ƙafa ne.

"Haba Inna, zauna ki ji da kunnenki," in ji Ƙasimu.

Akwatin oba-obar ya yi ƙara, Kafin Dafga ta turo saƙo. Gwangwan lafiya, Rogo lafiya, Kafin Dafga lafiya.

"Bai ce a gaishe ni ba?"

"Batir ake tattali yanzu, Inna."

Ta kwance ƙullin. Washegari ma haka, har damina ta yi nisa. Saƙon ma ya koma isowa da wuri, Lado mai oba-obar Rogo ya daina mitar ana hana shi zuwa gona.

Da hanya ta bushe ta hau a-kori-kura. A Rogo ba ta tarar da Lado ba, sai batir biyu a ɗakinsa, ɗaya a kan gammo mai kalar tsohon zanen da ta ba Mijinyawa. Ta ce a ranta atamfa ai ba ta mutum ɗaya ba ce.

A Gwangwan mai unguwa ya daɗe yana gaishe ta, sannan ya wuce da ita bayan gari, inda ciyawa ta riga ta rufe tudun kabarin Mijinyawa.

"Ya ji jiki, Baba, yana ta kiran sunanki. Mun rasa ta yadda za mu sanar da ke. Tun ruwan farko Lado ya tafi da batirinmu caji, har yau bai dawo da shi ba. Tun ranar oba-obarmu ba ta ƙara magana ba."