Ɗinki Uku a Gindin Ƙwarya

Kulsumu ta fizge ƙwaryar roba daga hannun ɗan kasuwar Shinkafi. Zanenta ne a jiki, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Matan garinsu, Dauran, sukan jira wata biyu kafin ta zana musu guda, ga shi nan an jibge ɗaruruwa a kan tabarma.

"Wa ya ba ku wannan?"

"Wani kamfani ne a Kaura, Gwaggo. In aka kai musu abu, na'ura ta ɗauki siffarsa, wata ta fitar da irinsa sak. Ko ƙwarzane ba ta bari."

'Yarta Sa'ida, da ta rako ta da goyo a baya, ta ja tsaki. "Suwaiba ce, Inna! Na sha gaya miki, zaman da take yi kusa da ke ba na Allah ba ne."

Shekara ashirin Kulsumu na maƙwabtaka da Suwaiba, suna ci a kwano ɗaya. Ta ɗaga ƙwaryar za ta maka da ƙasa, sai yatsanta ya ji tudu a gindi.

Ta kife ta. Ɗinki uku ne, na roba.

Ƙwarya ɗaya tak ta taɓa tsage mata a nan, ta ɗinke da hannunta, ta sa a kayan ɗakin amarya.

"Sa'ida, ina ƙwaryar aurenki?"

Sa'ida ta sunkuya, ta shiga gyara goyon da bai kwance ba.