Ruwan Cikin Moɗa

Ranar sadakar uku gardama ta ɓarke a kan tabarmar makoki. Ƙasa ce ta girgiza, katanga ta faɗa wa mahaifinmu yana zaune yana gyaran taru.

Masunta suka ce ƙazamin ruwan nan ne da masu haƙar mai ke ɗurawa a rijiyarsu mai zurfi, can bayan Wara. Liman ya ce kwana ne ya ƙare.

"Ga wanda ya karanci ƙasa a Turai," in ji kawuna. "Faɗa muna, ruwan ne ko ba shi ba ne?"

Ina da amsa. Na ga irin haka a can: in aka yi ta matsa wa dutsen ƙarƙashin ƙasa ruwa, wata rana sai ya motsa. Kafin in buɗe baki aka ce Inna na kira.

Na same ta a ɗakin takaba. Ba ta dube ni ba.

"Wa ke tuƙa tankar da ke kai ƙazamin ruwan nan rijiyar?"

"Autanki ne, Inna."

"Tun ranar bai ci ba, bai runtsa ba. Ya tambaye ni ko shi ya kashe ubansa. Na rasa miji. Kada karatunka ya ci mini ɗa."

Na koma na zauna. Ƙanena ya zuba mini ido.

"Ba ruwan ba ne," na ce. "Kwana ne."

Ya sauke numfashi, ya miƙa hannu wajen moɗar ruwan da ke ajiye a ƙasa tsakaninmu. Bai kai ga taɓa ta ba, kuma babu iska, amma ruwan ciki yana rawa.