Mai Sauraron Dutse

Kai da kake ƙorafin wata uku ba a ba ka aikin kirki ba, gyara zama ka ji. A zamanin da Italiyawa ke gina gadoji a ƙasar nan, wani magidanci da gona ta daina ciyar da gidansa ya shiga aikinsu, burinsa ya zama magini kafin kamfanin ya tashi. Sai aka haɗa shi da wani tsohon Ba'italiye mai sanƙo. 'Yar guduma kawai tsohon ya miƙa masa, ya ce ya riƙa ƙwanƙwasa duwatsu yana saurara: mai ƙara tangaran a ajiye dama, mai dusasshiyar murya a jefar hagu. Abokan zuwansa tuni sun hau gini, shi kuwa bawan Allah kullum kunne a jikin dutse. Matarsa har tsokanarsa take yi: "Maigida, ashe abin da nake wa tukunya a kasuwa shi aka ɗauke ka yi?" Sai ya yi dariyar yaƙe, amma wallahi abin na cin ransa.

Ranar da ya gaji ya ajiye gudumar zai tafi, tsohon ya riƙo hannunsa, ya shafa wani dutse kamar mai shafa kan jika. Cikin gwarancin Hausarsa ya ce su a harshensu "piyetira" suke ce wa dutse, sun gaji sunan daga tsohon harshen Latin, shi kuma ya aro daga Girkawa. "Suna kaɗai ya wuce shekara dubu biyu. Kai kana so ka san mai sunan a wata shida?" Kunya ta kama shi, ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa.

Sai da ya shekara biyu a haka. Ana saura makonni kamfanin ya tashi, aka kawo wani ƙaton dutse sumul da za a kafa ƙafar gada a kai. Kowa ya yaba. Mutumin ya ƙwanƙwasa, ya ji dusasshiyar murya, ya ce a jefar hagu. Aka yi masa caa! Tsohon ya ɗaga babbar guduma ya sauke sau ɗaya, dutsen ya dare gida biyu, cikinsa duk ruɓa. Ya rungume mutumin idonsa na kawo ruwa, ya ce daga yau kada a ɗora dutse sai mutumin ya yarda. Kamfani ya tashi, amma a duk yankin ba mai haƙa harsashi bai aika a kira shi ba, gidansa kuma bai sake kwana da yunwa ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.