Bayan Labule a Gidan Talabijin

Ina aji huɗu malaminmu ya kai mu Gusau daga Bungudu, mu yi waƙa a gwajin sabon talabijin. A wani tsohon ginin Turawa aka kafa na'urorin, ɗakin sai warin kashin jemage. Ni ke ba da waƙa, Hadiza da saura na amshi.

Malam ya dubi tabon ƙunar da ke kumatuna.

"Wagga fuska taki ba ta shiga gidajen mutane. Koma bayan labule ki rera, Hadiza ta motsa baki."

Na rera har ƙarshe, labule na gogar hancina. Da aka gama Malam ya ce, "Kai, Hadiza akwai murya!" Kowa ya tafa.

Har yau 'ya'yana ba su taɓa jin waƙata ba.