Toka a Kan Gero

Ni Jatau, yunwa uku na gani, kowacce ni na binne ta. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a taɓa yi mini wayo a gona ba.

Tun da aka kafa mana Ido, gilashin nan da ke kan dogon ƙarfe yana kallon shuka, injin girbi ba ya barin ko zangarniya ɗaya. Tasalla kuwa, matar marigayi yayana, da kala take ci. Yau da safe ta zo da ƙwaryarta.

Na ce, "Yaya, koma gida. Rabonki yana wuyana."

Na shafe kunya biyu da toka, don Ido ya ɗauka geron ya lalace, injin ya tsallake mata su.

Da la'asar malamin gona ya iso da mutane da galan na kananzir.

"Baba, Ido ya ga cuta. Gonar duka za a ƙone."

"Toka ce, ɗan nan! Duba da kyau!"

Ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Na gani, Baba. Amma nawa ganin ba a karɓarsa."