Ranar da Yaya Sani ya ture kwanon Baba

Bayan la'asar ne, a zauren gidanmu na Tudun Wada. Inna ta ba ni dambu in kai wa Baba, yana ta ƙamshin man gyaɗa da zogale. Na tarar da Yaya Sani zaune a bakin tabarma. Bai daɗe da dawowa daga gabas ba, inda ya tare wurin wani mai wa'azi da ke cewa boko da aikin gwamnati duk kafirci ne, sai an rushe su da ƙarfi.

Baba malamin firamare ne. Ya buɗe kwanon ya ce, "Matso, Sani, bismillah."

Yaya ya sa bayan hannu ya ture kwanon. "Ba na cin albashin ɗagutu. Malam ya hana mu."

Baba ya riga ya dunƙula loma. Ya tsaya da ita a hannu, ya dubi Yaya ya ce a hankali, "To naman jikinka fa? Da albashin nan ya ginu. Shi ina za ka kai shi?"

Yaya ya miƙe ya zura takalmi ya fita, babu sallama. Ba mu sake ganinsa ba, ko gawarsa ba a kawo mana ba.

Yanzu na haifi nawa. Idan ana gardamar abin da mutanen mai wa'azin nan suke nema, shiru nake yi. Kafin su ba Yaya bindiga, ƙyamar ubansa suka fara koya masa. Malamin nasu ko sunan Baba bai sani ba, kuma ban yafe masa ba.