Gyaɗa a Kwanon Maƙwabciya

A gidanmu na ƙauye, kusa da Jahun, ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Ran nan bayan mun taso daga coci, maƙwabciyarmu ta aiko da dambu. Kaka ta wanke kwanon, tana zuba gyaɗa a ciki. Har yau ina jin ƙarar gyaɗar a jikin kwanon silba.

Na ce, "Kaka, Yesu da ya mutu dominmu, shi me ake zuba masa?"

Ta ce, "Ba komai. Alheri ne. Ka dai gaskata, ka karɓa."

"Ko gyaɗa?"

"Gyaɗar wa? Wa ya yi ruwan da ta tsiro?"

Kaina ya ɗaure. Matar da ta taɓa murɗe mini kunne don na mayar da kwanon koko wayam, ita ke cewa a je wa Allah hannu rabbana!

Ta miƙo mini kwanon. "Maza kai mata, kar ka zubar."

Na girma, na gaskata. Amma duk na durƙusa addu'a, sai in tsinci kaina ina laluben abin zubawa.